Motar da Ta Daina Sallama

Litinin, 5 ga Mayu

Yau na rufe bakin Mai Fenti. Shekara da shekaru yana yi mini tsiya a gaban mutane, wai ni ne mai gyaran salansa, amma motata ta fi ta kowa ƙara a layin nan. Ranar Asabar har wani mutum ya kawo aiki, ya ji na tayar da ita, ya dube ni, ya dubi motar, ya ce zai dawo. Har yanzu yana dawowa.

Da safe babu aiki, sai na hau da ita kan rami na kwance tsohuwar tukunyar salansar. Ta ruɓe fiye da yadda na zata. Tsaga a wuya, faranti ɗaya na ciki ya saki yana rawa, shi ne mai karkarwar nan idan na ɗaga ƙafa daga totur. Na sa sabuwa, na canza gaskit, na ja walda irin wadda nake ja wa manyan mutane. Tsohuwar na jefa wa masu sayen ƙarfe.

Da na tayar, sai da na dafa bonet kafin na yarda injin yana aiki. Mai Fenti ya zo ya kara kunne a bayanta, ya miƙe, ya ce, "Allah Ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce." Mutumin nan ba ya rabo da tsiya.

Ban gaya wa mutuniyar tawa ta gida ba. So nake in ba ta mamaki.

Talata, 6 ga Mayu

Jiya ban iya rubuta wannan ba.

Na isa gida wajen biyar da rabi. Na bar motar a waje, na turo ƙaramar ƙofa a hankali. Shekara goma sha shida da nake da motar nan, kullum na shigo ina tarar da matata a kujerarta ta baranda, ɗinki a cinya, ɗankwali a ɗaure, shayi a kan tebur. Ban taɓa tambayar kaina yadda ake yi hakan yake dacewa kullum ba.

Jiya ba ta kan kujera. Tana tsakar gida, hannun hagu a jikin bango, na dama a miƙe tana lalube, leɓenta yana motsi. Taku take ƙirgawa. Daga ƙofar kicin zuwa famfo. Ta isa famfon, ta shafa shi, ta juyo, ta sake farawa. Ga rana ko'ina, ba duhu ba. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye, tsakaninmu bai kai taku goma ba, kuma ba ta gan ni ba.

Na koma da baya kamar ɓarawo. Na zauna a mota na riƙe sitiyari, ban san tsawon lokacin ba. Daga baya na danna hon sau biyu, abin da ban taɓa yi a ƙofar gidana ba. Na jira. Da na shigo tana kan kujera, ɗinki a cinya, tana haki kaɗan.

"Yau kuma hon, Injiniya? Me ya sami motar?"

Na ce na gyara ta.

"Ka gyara ta," in ji ta. Can ta ce, "To, sannu da ƙoƙari."

Laraba, 7 ga Mayu

Tana wanka na ɗauki ɗinkin na duba. Furen nan dai ne, mai ganye uku da rabi. Tun bikin Auta yake ganye uku da rabi, bara ke nan. Allurar tana soke a wuri ɗaya har ta fara tsatsa a jikin yadin.

Kuma yau na ga yadda take zuba shayi. Yatsa a bakin kofi, sai ya taɓa ta take tsayawa. Faɗan da take yi mini idan na matsar da kujera ko na bar takalmi a hanya, da na ɗauka fitinar tsufa ce. Ni da nake gane mota mai yoyon hayaƙi tun daga bakin titi, abu a cikin gidana shekara guda ban gani ba. Kunya nake ji, ba kaɗan ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Mahaifiyarta haka ta fara. Shekara tara tana hannunmu ba ta gani, matata ce mai kai ta bayan gida, mai sa mata abinci a hannu. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Sau ɗaya kawai, bayan an yi jana'iza, tana naɗe tabarmar tsohuwar ta ce, "Allah kada Ka sa in zama kaya a wuyan kowa." Na ce amin, na wuce. Ashe ita ba ta wuce ba.

Yanzu na gane aikin da tsohuwar salansar take yi. Tun daga kwanar kemis take jin ta. Daga can zuwa gida, da ramukan hanyar nan, minti uku ne ko huɗu. Ya ishe ta ta lalubo kujera, ta gyara ɗankwali, ta ɗauki ɗinki. Motar ce take yi mini sallama, ni kuma na toshe mata baki don Mai Fenti ya daina dariya.

Asabar, 10 ga Mayu

Hon ba ya yi. Kowa a unguwar yana da irinsa, kuma idan na danna a ƙofa sai in ji ƙarar kujera ta ci karo da ita don sauri. Yau akwai ƙujewa a ƙwaurinta. Ta ce sauro ne ta sosa.

Na je wurin masu sayen ƙarfe. Tukunyar ta tafi tun ranar Talata, an daddanne ta da sauran tarkace. Mai wurin yana ta kallona, dattijo da furfura yana neman ruɓaɓɓiyar salansa kamar wanda ya ɓatar da ɗa.

Talata, 13 ga Mayu

Na huda sabuwar tukunyar da dirila, rami shida. Sabuwa fil.

Abin da ya fito ba ƙara ba ce, cin mutunci ne. Kamar ana yaga sabon yadi a kunnen mutum. Mai Fenti ya fito da burushi a hannu ya ce, "Dattijo, ko budurwa aka yi ne?" Samarin layin suka yi mini tafi. Ni da na shekara talatin ina ce musu marasa tarbiyya saboda irin wannan.

A gida maƙwabcinmu mai jariri ya leƙo ta katanga, kallon kaɗai ya isa. Ita kuwa ba ta gane ni ba ne. Na tarar da ita a kicin, ta ji takuna ta firgita, kofi ya faɗi ya fashe. Ta tsaya cak, ba ta san inda za ta sa ƙafa ba. Na ce tsaya in share, kada ki yanke. Na share a hankali, ina surutu a kan zafi da tsadar kabaid ɗin walda don kada shirun ya yi yawa.

Da ta zauna ta ce, "Ɗazu wani mara kunya ya shigo layin nan da mota, na ce ko uban wa ya haife shi."

Na ce zan bincika.

Laraba, 14 ga Mayu

Na toshe ramukan. Babu dabarar da na sani. Duk rayuwata kashe ƙara na koya, ban koyi yin ta ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na tsallaka titi na je shagon Mai Ƙara. Haka nake kiransa, shi ne mai yi wa samari salansar gayu. Shekara takwas muna fuskantar juna, gaisuwa ce kawai a tsakaninmu, ita ma ta ɗaga hannu. Na sha faɗa a bayan idonsa cewa ba sana'a yake yi ba, ɓarna ce. Na tabbata maganar ta kai masa.

Ya ba ni kujera, ya ce, "Baba, lafiya?"

Na ce ina son ƙara wadda za ta yi nisa amma ba za ta tashi jariri ba. Na zata zai yi dariya. Sai ya jawo wata tukunya da ya tsaga biyu ya nuna mini cikinta. Wai ƙara mai kaifi a kusa take mutuwa, kunne kawai take ci. Mai kauri ita ce take tafiya, ta bi ƙasa, ta ratsa bango. Tukunya mai faɗi, bututu miƙaƙƙe mai ƙananan ramuka a tsakiya, a naɗe shi da audugar gilashi, kada a cusa ta da yawa, kada a yi mata rowa. Tsawon bututun baya shi ne yake sa murya ta yi ƙasa ko ta yi sama.

Mutumin ya san aikinsa. Na rubuta a nan don ba zan faɗa da baki ba.

Ina tashi ya ce, "Wa kake so ya ji, Baba?"

Na ce mutum ɗaya.

Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauko bututu mai ramukan ya miƙo mini, ya ce ragowa ne.

Litinin, 19 ga Mayu

Kwana uku ina kai. Na haɗa tukunyar da hannuna, na kwance sau huɗu. Ta farko tana gurnani da yawa a sulo, tun mota na tsaye, ta biyu ta shaƙe. Na rage auduga, na ƙara wa bututun baya taƙi ɗaya.

Gwaji nake so, sai na ce wa Mai Fenti ya shiga ɗakin feshinsa ya rufe ƙofa, ni kuma in taho daga ƙarshen layi, ya gaya mini daga ina ya fara ji. Ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya dubi fuskata, ya fasa. Sau bakwai na yi zagayen nan. Kowane karo ya fito ya ce, "Daga wurin mai faci," ko "Sai da ka zo gindin fitila." A na bakwai ya ce tun daga bakin titi ya ji ta a ƙirjinsa kafin kunnensa.

Yana goge hannu ya ce, "Yaya jikin mutanen gida?" Ban taɓa ce masa wani ba shi da lafiya ba. Na ce da sauƙi. Ya ce Allah Ya ƙara.

Talata, 20 ga Mayu

Ta yi.

A kwanar kemis na sauke giya, na ba ta wuta kaɗan, na sake. Murya mai kauri, a natse, babu tsatsa a cikinta. Na bi ramukan hanya a hankali, na ɗauki lokaci wajen buɗe get, na ɗauki lokaci wajen rufewa. Na tarar da ita a kujera, ba haki, shayi yana tururi.

"Wannan kuma muryar dattawa ce," in ji ta. "Gilashin tagar kicin har amsa mata yake."

Na ce wani ne ya bar tukunyar a shago, na ce bari in gwada.

"Ka bar ta haka," ta ce.

Na sha shayi kofi biyu. Rabon da in ji daɗi irin na yau na manta.

Asabar, 24 ga Mayu

Auta ta zo wuni. Ko awa ɗaya ba ta yi ba ta gane. Na ga lokacin: ta miƙa wa uwarta waya ta ga hoto, uwar ta karɓa ta ce masha Allah, wayar kuwa ta riga ta mutu a hannunta, baƙi ƙirin.

Da yamma na ce zan kai ta tasha. Muna fita layi ta ce in tsaya.

"Baba, tun yaushe ka sani?"

Na gaya mata duka, har da salansar. Ina tsammanin za ta ce na kyauta. Sai ta ce, "Wato ka yi sati uku kana gyara mata hanyar ɓuya."

Yarinyar nan a kemis take aiki, ta san abin da take faɗa. Wai in irin na kakarta ne, ruwa ne yake matse ido daga ciki. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma abin da ya rage ana iya tsare shi da magani, in an je da wuri. Kowane sati da ya wuce wani abu yake ɗauka.

Na yi mata tsawa. Na ce ba ta san uwarta ba, ranar da aka ce mata makauniya ranar za ta karye. Ta ce to ita za ta faɗa mata. Na ce ba ke ba. In za a faɗa, ni ne.

Tana fita daga motar ta ce, "Ƙarar ta yi daɗi, Baba. Amma ba ta ganin likita."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa nake jin haushinta.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ban faɗa ba.

Talata, 27 ga Mayu

Na shirya maganar tun a shago, har na gwada ta a ƙarƙashin wata motar haya. Na zo gida, ta tambaye ni ko na ci abinci da rana, sai na tsinci kaina ina ba ta labarin Mai Ƙara.

Alhamis, 29 ga Mayu

Auta ta kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Ina ta cewa don mutuncinta nake yin shiru. Yau ina walda na tsaya na tambayi kaina. Muddin na ba da wuta a kwanar kemis, zan zo in tarar da matata a kujera da ɗinki a cinya, kamar kullum, kuma ba abin da ya same mu. Minti huɗun nan ba ita kaɗai suke yi wa amfani ba. Ni ma a cikinsu nake ɓuya. Tsoro nake ji, shi ke nan. Tsoron in ji likita ya faɗi abin da ya faɗa a kan tsohuwa.

Talata, 3 ga Yuni

Yau na ba da wuta a kwana kamar yadda na saba. Na bi ramuka, na buɗe get, na rufe. Na shigo, kujera babu kowa.

Tana tsaye a tsakar gida, ta riƙe sandar igiyar shanya. Ɗankwalin ma bai ɗauru daidai ba. Na zata ba ta ji ba ne, har na fara ja da baya.

"Kada ka koma mota," in ji ta. "Na ji ka tun daga kemis."

Na tsaya.

"Ranar nan ma na san kana nan. Ranar da ka gyara ta. Idona ne ya tafi, Injiniya, hancina lafiya lau. Mutum yana warin kabaid tun daga ƙofa, wai shi zai yi laɓe."

Na ce to me ya hana ki magana?

"Kai me ya hana ka?"

Ta ce ta ji duk wahalar da na sha. Ta ji ƙarar nan ta yagar yadi, ta ji shirun da ya biyo baya, ta ji wannan ta zo. Ta ce ranar da gilashin kicin ya fara amsawa sai da ta yi kuka kafin ta lalubi kujera, don ta san babu wani wanda ya bar tukunya a shago. Wai ba wanda ya taɓa yi mata abu mai kyau irin wannan, kuma ba abin da ya taɓa gajiyar da ita irinsa.

"Kullum in ji ka taho, in kama gudu zuwa kujera don kada wahalarka ta tashi a banza. Kai kana yi don ni, ni ina yi don kai. Na gaji. Ƙafafuna sun gaji."

Na ce Auta ta ce akwai magani.

Ta ce ta sani, Auta ta kira ta tun ranar Lahadi. Ashe duk gidan ni kaɗai nake riƙe da sirri.

Sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "In na zama kamar Inna fa?"

Na so in faɗi wata babbar magana. Abin da ya fito shi ne, "To sai me? Ina da wani wurin zuwa ne?"

Ta yi dariya, hawaye yana zuba. Ta ce in matsar mata da bokitin da na bari a hanya tun safe, sau biyu tana tuntuɓe da shi.

Laraba, 4 ga Yuni

An ba mu ranar Litinin a asibitin ido, ƙarfe tara. Na gaya wa Mai Fenti ya duba mini shago.

Litinin, 9 ga Yuni

Idon hagu ya tafi. Likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Na dama akwai saura, kamar mai leƙe ta bututu, kuma in aka kiyaye magani ana sa ran tsare shi. Ɗigo safe da yamma, har iyakar rai. Na tambaye ta, da mun zo wata ɗaya da ya wuce fa? Ta dube ni ta ce shekara ɗaya ce da ta yi bambanci, wata ɗaya ƙila kaɗan. Wannan "ƙila" ɗin zan daɗe ina ɗauke da shi.

Mutuniyar ba ta karye ba. Har ta yi wa likitar gardama a kan harafin da ke saman allo. Ni ne aka miƙo wa ruwa.

Likitar ta koya mini yadda ake ɗiga maganin. Hannun da yake jan walda a miƙe, yau ya ɗiga mata a kumatu sau biyu. Ta ce, "Injiniya, ido nake da shi a nan, ba radiyeta ba."

Asibitin cike yake da mutane, har na hango wani da nake yi wa aiki. Da za mu sauko na riƙe mata hannu saboda matakala. Shekara talatin da huɗu ban taɓa yin haka a gaban jama'a ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Saboda matakala ne kawai. Guda biyar ce, a bakin ƙofa ta ƙare.

Motar kuwa can ƙarshen fili na ajiye ta, da ɗan nisa. Sai da na zo neman makulli na ga hannun ba ya samuwa. Har yanzu yana cikin nata. Da hagu na lalubo shi.